Kwatar Layinmu a Gaban Manyan Baƙi

Daren jiya barci ya kwashe ni ya jefa ni cikin wani mafarki, na tsinci kaina a ƙasar da ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa yana hawa sama. Ban tsaya kallo ba, don abin da ya kawo ni ya fi wannan. Kwatar layinmu ta toshe, ruwanta na cin gindin katangar ɗakin Inna, mahaifiyata, ita kuwa ta rantse ba mai fitar da ita daga ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Na naɗe kwatar kamar tabarma, na saɓa a kafaɗa, na nufi ƙaramar hukuma.

Agwagi ke mulki a can. Na buɗe baki ke nan sai mai gabatarwa ya ce ba a fara koke sai an gai da manyan baƙi. Na gai da shugaba, na gai da mataimakinsa da uwargidan mataimakin, har da wani ƙwai da aka ce shi zai gaji kujerar. Kafin in iso kan kwata aka ce lokaci ya ƙure. Shugaban dai ya yi mini alfarma, ya tsoma baki cikin ruwan ya kurkure.

"Malam Tanimu, ai wannan ci gaba ne," in ji shi. "Ba mun yi alkawarin kawo ruwa har ƙofar gida ba?"

Da ya ga ban yi godiya ba, ya ce in gwada sama.

Sai ga ni a babban birni. Ministocin jemagu ne, suna rataye a silin, ƙafa sama kai ƙasa. Nan gaisuwar ta fi tsawo, domin kowane jemage na da sarautu da digirorin girmamawa, in ka tsallake ɗaya kuwa sai ka koma farko. Na yi ta komawa farko har gemuna ya yi furfura. Da na shimfiɗa musu kwatar, suka leƙo daga inda suke, suka ce a ganinsu ruwan raguwa yake yi. Nan take suka kafa kwamitin da zai binciki dalilin da ya sa nake tsaye a juye. Na sa hannu a aljihu na taɓa katangar Inna, na ji ta jiƙe har ƙugu.

Majalisar duniya ta raƙuman dawa ce. Kawunansu sun wuce gajimare, saboda haka in ka yi sallama da safe sai la'asar take isa kunnensu. Sun tausaya mini ƙwarai, har suka ware Ranar Kwata ta Duniya. Daga baya dattijonsu ya sunkuyo ya ce masana sun gano sabuwar dabarar mulki: a mayar da kowace matsala hannun wanda ya fi kusa da ita. Aka miƙa wani ƙunshi ga jemagu, jemagu suka miƙa wa agwagi, agwagi suka kafa rumfa a ƙofar gidanmu. Shebur ne a ciki, an ɗaura masa ƙyallen yankawa irin na bikin buɗewa.

To, yanzu ni ne babban baƙo. Aka sa mini babbar riga, aka ba ni makirufo. Wallahi daɗi gare shi. Na gyara murya na fara daga raƙuman dawa, ina jero laƙabi ana tafi. Katangar ta soma karkata. Inna ta ja gefen rigata, na ce mata ta yi haƙuri, ban ko iso kan jemagu ba.

Sai na ji ƙur, ƙur, ƙur, ƙarfe na kankare siminti.

Na farka, gari ya waye, ana yayyafi. Na fito a guje na tarar da Inna ta tattare zane, ta duƙa cikin kwata da tsohon sheburmu. Kunya ta kama ni, na durƙusa na fara, "Inna, ina kwana? An tashi lafiya? Yaya sanyi, yaya ƙafar..."

Ta miƙo mini sheburin ba tare da ta ɗago ba.

"Riƙe nan, Tanimu. Gaisuwar za ta jira, katangar ce ba za ta jira ba."