Wanda Ya Zaunar da Toka

Ban kira mai horon karnuka gidana don ya ɓallo min abin da ya fi ƙarfinsa ba. Cewa na yi ya tayar min da kare daga bakin ƙofa, shi ke nan.

Toka karen mijina ne. Tare suka yi gadin sito har ciwon maƙogwaro ya cinye wa tsohon murya, ya koma yi masa magana da hannu. In ya ɗaga tafi, Toka ya zauna, ba zai motsa ba sai an sallame shi. In ya bugi cinya sau biyu, ya tashi ya bi shi ta hagu. In ya nuna ɗaki da yatsa, karen ya zo ya kama gefen zanina a hankali ya ja ni har gabansa. Da haka tsohon yake kirana, ko ruwa yake so. Ina mita wai an mai da ni akuya, yana dariyar nan tasa marar sauti. Kuma bai iya jira ba. In na yi nawa, da kansa yake tasowa.

Ranar da za a kai shi asibiti Toka ya nemi bin mota. Tsohon ya juyo a bakin ƙofa ya ɗaga masa tafi, ya zauna. Bai dawo ya sallame shi ba.

Tun ranar karen yana wurin, in ban da lalura ba ya gusawa. Ci ma sai ya ga dama, haƙarƙari duk a waje. Na yi zagi, na yi lallashi, na bugi cinyata har ta yi tsami. Ko kunne bai kaɗa min.

Surukina ne ya kawo mai horon, wani dogo da jakar busasshen nama a ƙugu. Ya zagaya karen ya ce laifina ne, wai surutu ya yi min yawa, kare ba ya jin wa'azi, alama ɗaya yake so daga mutum ɗaya. Wanda ya zaunar, shi zai tayar. Na ce to ya je maƙabarta ya taso shi. Ya yi murmushi ya ce ba sai an kai can ba, a ba shi rigar gadin marigayin da hularsa, ai kare da hanci yake gani.

Na hana. Surukina ya shige ɗaki ya ciro su daga jikin ƙusa, wai rigima ce irin ta tsofaffi.

Rana tsaka ce, ba wani duhu. Mutumin ya sa riga ya tsaya a ƙofa, aka ji bugun cinya biyu, Toka ya miƙe. Surukina har ya fara tafi. Amma karen ya wuce mai horo kamar turke, ya tsaya gaba kaɗan inda babu kowa, ya lumshe ido. Kunnensa na dama ya kwanta, sannan na hagu, yadda suke yi in ana shafa su. Sai ya kama hanya yana ɗaga kai yana duban damansa. A bakin titi ya zauna, mota ta wuce, ya sake duban sama, ya tsallaka.

Mai horo ya tuɓe rigar. Ya ce, “Mama, ni sau ɗaya na buga.”

Na ce, “To ubanwa ya ƙarasa maka?”

Ya fice da sauri. Ko jakarsa bai ɗauka ba.

Washegari da hantsi ina shanya sai ga Toka, jar ƙasar maƙabarta a ƙafafunsa. Bai kalli kwanonsa ba. Ya zo ya kama gefen zanina a hankali ya fara ja wajen ƙofa. Na san wannan jan. Na ɗaga masa tafi yadda tsohon yake yi, ban ce uffan ba, sai ga shi ya zauna. Karo na farko ke nan da ya ji ni. Zanin kuwa bai saki ba, sai da na yanke gefen da almakashi.

Na je har filin horon. Mutumin ya leƙo ta bayan keji ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya masa, in kai karen a yi masa allura ya huta. Na ce shi za a fara yi wa. Karen me ya yi? Aika shi aka yi. Ba wani abu nake nema ba, wanda ya ɓata ya zo ya gyara, ya koya wa Toka cewa hannuna ne a sama yanzu. Har yau bai zo ba, surukina ma ya ɗauke ƙafa.

Toka yana tsakar gida da ƙyallen a bakinsa. Ya dubi ƙofa, ya dube ni. Can sai cinyarsa ta ɗauki rawa ya fara miƙewa, in ɗaga tafi, ya koma. Kafaɗata ta fara ciwo. Ɗazu kuma ya daina duban ƙofa, ya koma duban bakin ɗakina yana kaɗa wutsiya.