Wankan Yagana

"Ba ni zuwa," in ji Inna Kadi, ba ta ko ɗago kai daga bakacen geronta ba. "Wadda ba za a yi wa salla ba, wankan me zan yi mata?"

Asma'u na tsaye bakin ƙofa, 'yarta Balki goye a baya. Shekara talatin ke nan Inna Kadi ce mai wankan gawar mata a wannan unguwa ta Tanut. Ga Yagana can kwance a ɗakinta tun hantsi, an rufe ta da zane, ga zafin bazara, ƙudaje har sun soma taruwa.

Yagana tsohuwa ce, ba ɗa ba jika, danga ɗaya ta raba gidanta da na Asma'u. Da can ta tafi Damagaram neman maganin ido wurin 'yan mishan, ta dawo da ido guda da sabon addini. A can suka raɗa mata Tabita, sunan wata mabiyar Almasihu ta zamanin farko, mai ɗinka wa gwauraye tufafi. A unguwa ba wanda ya taɓa kiranta da sunan. Aikin dai ta riƙe shi, kowa kuma ya kai mata yagaggen zanensa.

"Inna, ran da Baba Barmo mijinki ya rasu, wa ya haɗa likkafaninsa? A lokacin hannunta bai yi ƙazanta ba?"

"Ki iya bakinki, 'yar nan."

"Maigari ya sa mutum biyu. Da an yi azahar za su naɗe ta a tabarma su kai bayan gari, sai ka ce mushen jaki. Mutanenta suna Damagaram, kamiyo kuwa, motar da ke zuwa can, sai Asabar."

"Ita ta zaɓi hanyarta."

"To, ni zan wanke ta."

Sai a nan Inna Kadi ta ajiye faifai. "Mai goyo ba ta taɓa gawa. Nononki ya lalace, me za ki ba yarinyar?"

Asma'u ta juya ta koma gida. Tulu biyu ta jawo a rijiya da safe, ruwan yini guda ke nan. Ta kinkimo su duka zuwa gidan Yagana, ta tsinko ganyen magarya ta murje a ƙwarya. Tana yi tana maganganu ita kaɗai. Unguwa guda, duk sun sa ɗinkin baiwar Allah, yau kowace ta shige ɗaki ta saki asabari.

Da ta tsaya kan gawar, sai ta rasa abin yi. Ba ta san ta inda ake somawa ba. Balki ta motsa a bayanta tana neman nono. Wata biyar gare ta, ko kunu ba ta fara sha ba. Asma'u ta daɗe a tsaye riƙe da ƙwarya, kafin ta durƙusa ta yaye zanen.

"Da goyon za ki hau kanta?" Inna Kadi ce a bakin ɗaki, tana haki. "Ba ki da hankali. Miƙo min yarinyar."

Ta karɓi Balki, ta zauna a dokin ƙofa, ta ba ɗakin baya.

"Ni dai ban taɓa ta ba. Ki zama shaida."

"Na shaida, Inna."

"Naɗe hannunki da tsumma. Kada ki buɗe ta gaba ɗaya, mace ce. Ki soma da dama."

"Alwala fa?"

"Bar alwala, ba tata ba ce. Tsefe mata kai. A hankali, ba tukunya kike wankewa ba."

Ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, ya jiƙa gefen zanen Inna Kadi. Ba ta gusa ba. Tana jijjiga yarinyar a cinya, idonta na kan inuwar danga, tana auna saura nawa azahar.