Motar da Ta Zo da Lambar Nijar

Ni Tasalla, mai tuwo a tashar bakin iyaka ta Jibiya, har gobe in na ga Maɗugu sai raina ya ɓaci. Shi ne shugaban direbobin tashar, kuma shi ya naɗa kansa sarkin magoya bayan Zipora, 'yar ƙanwata. Ba wanda ya roƙe shi.

Zipora doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga rumfata. Daga Bugaje uwarta ta kawo mini ita don ta yi sakandare, a nan ta koyi ƙwallon kwando. Da ta gama sai zama, don ubanta Baƙo manomi ne, geronsa da ƙyar yake kai su damina. Ana haka wata kwaleji a Zariya ta ce za ta turo mai horar da 'yan wasanta ta duba yarinyar. Gurbi ɗaya ne tak: karatu, ɗaki da abinci, duk kyauta. Ko ta samu, ko ta ci gaba da wanke mini kwanuka.

Tun daga ranar su Maɗugu suka hana ta sakat. Kullum la'asar direbobi da 'yan dako sun cika filin makaranta. In ta jefa ya shiga, 'yarsu ce, Amurka ma za ta. In ta ɓarar, zagi har da na iyaye. Mutanen da ba su san yawan 'yan wasan da ke shiga fili ba, su ne masu koya mata riƙon ƙwallo. Sai kuma wani ya kawo jita-jitar cewa wata ƙungiya ta Maraɗi na son ɗauke ta. Maɗugu ya rantse ba Banijaren da zai taɓa musu yarinya.

Ranar zuwan baƙuwar suka jera makaɗa ta hanyar Katsina, suna jiran farar bas mai sunan kwaleji. Can da hantsi sai ga wata tsohuwar tasi ta fito ta ɓangaren Nijar. Wata mata ta sauko da kayan wasa, usur a wuya, ta zo rumfata ta yi sallama, ta ce ina za ta sami Zipora.

Kafin in buɗe baki Maɗugu ya iso. Ko fuskarta bai kalla ba, lambar motar ya duba. Haka suke a tashar nan, mutum ba shi da asali sai na lambar motarsa.

"Mi kike nema wurin ɗiyarmu?" in ji shi.

"Sunana Salmatu, ni ce kocin kwalejin," ta ce. "Na kwana Maraɗi ne na duba wata yarinya, shi ya sa na biyo ta nan."

"Ƙarya kike. Wagga mota ta Maraɗi ce, shekara da shekaru muna ganinta."

Na ce, "Maɗugu, ka ji Hausarta mana, ta Zariya ce." Ya ce in koma bakin tukunyata. Kan ka ce me, an zagaye matar. Wani ya sace iskar taya, wani ya wurga mata ledar ruwa ta fashe a ƙirjinta, 'yan dako na kiranta ɓarauniya. Na ɗauki muciya na shiga tsakani, amma mace ɗaya me za ta yi da garada cike da tasha?

Zipora ta zo a guje daga fili. Ta san matar, don sun sha magana ta bidiyo a waya. Ta durƙusa a gabanta cikin taɓon ruwan nan.

"Koci, don Allah ki yi haƙuri. Ba su sani ba ne."

Salmatu ta share fuskarta, ta ɗaga ta. "Tashi, ba ki yi mini komai ba. Na ga wasanki a bidiyo, kin fi Husaina ta Maraɗi. Amma duk yarinyar da na ɗauka, mutanenta sukan biyo ta kallon wasa. Waɗannan ne za su zo mini Zariya?"

Direban tasin ya sauya taya, suka juya ta inda suka fito, aka sauke sandar shinge a bayansu. Zipora ta bi su har bakin sandar ta tsaya. Duk taron nan kanta kaɗai ake hange, tana kallon hanyar Maraɗi. Kuka ya zo mini, na haɗiye shi don kada 'yan banzan su gani.

Bayan sati muka ji Husaina aka ɗauka.

Washegari da azahar sai ga Maɗugu, ko kunya, ya zauna a bencina ya ce a zubo mashi na dawa. Zipora ce ta kawo. Ya wanke hannu, ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Kin dai ba mu kunya, yarinya. Duk wahalar da muka sha a kanki."

Na ɗaga muciya, Zipora ta riƙe mini hannu.

"Bar shi, Inna, ya ci. Ni zan wanke kwanon."