Jirgi Mai Gado Shida

Alhaji Rilwanu ya sayi rigunan tsira guda shida, masu hana nutsewa a ruwa, tun bai sayi jirgin ba. Manya uku, ƙanana uku. Suna cikin but ɗin motarsa tun watan azumi, ko ledarsu bai cire ba.

Mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, an haife shi a bakin Kwara. Shekara talatin da ɗaya ya yi a Greensboro ta Amurka yana gyaran injinan sanyaya ɗaki, har ya ajiye aiki. Matarsa, Hajiya Rahina, ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar shi a gida mai ɗaki huɗu a McLeansville, inda in ya yi tari shi kaɗai ke ji. 'Ya ɗaya gare su, Hafiza, tana Atlanta da mijinta da yara uku. Ba su yi faɗa ba. Tana kira ranar Juma'a, su gaisa, ya ce lafiya lau, ta ce lafiya lau, a ajiye waya.

Ita ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke". Haka ya ga ubansa ya yi da shi. Bai kuma taɓa buɗe baki ya ce ta zo ba, don a wurinsa uba ba ya roƙon ɗansa ziyara. Abin da yake yi shi ne ya shirya wuri ya yi shiru. Ya sa gadaje a ɗakuna uku, ya kafa lilo a bayan gida. Da a Yawuri ne, da kowa ya gane kira ne. Amma Hafiza a nan ta girma, inda wanda bai ce a zo ba ake ɗauka ba ya son damu.

Bayan rasuwar Hajiya ya fara zuwa tafkin Townsend ranar Asabar, ya koyi tuƙa ƙaramin jirgi mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Ruwa ya gane ɗansa. Yanzu so yake ya sami babba, wanda za a kwana ciki, ya kai shi tafkin Kerr, a tafi Juma'a da yamma a dawo Lahadi.

Ya tsaya sayen gero a shagon Laouali, wani Bazindire mai cuɗa Hausa da Faransanci da ke titin Gate City Boulevard, ya gaya masa.

"Jirgi?" in ji Laouali. "Alhaji, mutane na tsufa su koma masallaci, kai ka tsufa za ka koma kifi?"

"Masallacin ma ina zuwa. Kai ne ban gani ba da asuba."

"Bon, bar wannan. Wa zai shiga da kai?"

"Yara mana."

"Sun ce za su zo?"

Alhaji ya ɗauki ledarsa. "Geron nan naka akwai tsakuwa," ya ce, ya fita.

Ranar Asabar da hantsi ya nufi Summerfield, gidan wani tsohon Bature mai suna Malachy, wanda ke sayen tsofaffin jirage yana gyarawa a filin bayan gidansa. Jirage biyu ke tsaye a kan ƙafafun ƙarfe, dawakin maƙwabci na kallonsu ta shinge. Ɗaya ƙafa talatin da uku, fari fes, an goge shi yana sheƙi. Ɗayan ƙafa ashirin da bakwai, fentinsa ya koɗe kamar tsohuwar shadda.

Alhaji ko kallon ƙaramin bai yi ba. Ya taka tsani ya hau babban, ya sauka ciki. Gado biyu a gaba, biyu a baya, kujeru biyu da ake shimfiɗawa su zama gado. Shida cif. Ga murhu, ga ƙaramin firji, ga banɗaki mai ƙofa. Ya zauna ya rarraba mutane a ransa, har da inda autar Hafiza za ta kwanta don kada ta faɗo.

Malachy ya leƙo daga sama. "Ku nawa ne za ku riƙa fita?"

"Muna da yawa."

"Madalla. Don wannan ba ya shiga matsayar jirage da mutum ɗaya. In kana riƙe da sitiyari, dole wani ya tsaya a gaba da igiya. Wancan kuwa duk igiyoyinsa na kawo su baya, kana zaune za ka ɗaga ƙyalle ka sauke."

"Na ce maka muna da yawa."

"To, na ji."

Alhaji ya fito sama. Ya riga ya yanke shawara, amma hannu ba ya manta abin da aka koya masa da duka. Ya zaro sukudireba daga aljihu, ya durƙusa, ya fara ƙwanƙwasa daɓen jirgin da ƙotarta tun daga baya. Ubansa ba ya karɓar kwalekwale daga masassaƙi sai ya ƙwanƙwasa shi daga kai har wutsiya, yana kasa kunne. Itace mai lafiya amsawa yake da ƙarfi. Ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi kamar an bugi kabewa.

Kas, kas, kas. Ya ci gaba. Da ya kai gindin dogon ƙarfen da ke riƙe ƙyalle, sai sautin ya mutu. Ya sake bugawa. Ya matsa taki ɗaya, ya buga. Faɗin tabarma guda duk haka yake.

"Ruwa ya shiga katakon da ke ƙarƙashi," in ji shi.

Malachy ya cire hularsa ya sosa kai. "Da ka tambaya da na gaya maka. Mutum biyar suka zo, duk firji suka duba. Wa ya koya maka?"

"Babana. Ana gyarawa?"

"Ana gyarawa. A yanke, a ƙwaƙule, a sake zubawa. Sai baɗi war haka. Ko an gyara kuwa, maganar igiya tana nan."

Alhaji ya zauna a kan daɓen. Zai iya jiran shekara. Ai jira ne aikinsa tun da aka binne Hajiya. Abin da ke damunsa daban ne. Ya ƙwanƙwasa jirgin wani don kada a cuce shi, amma maganar da ya gaya wa Laouali, ya gaya wa Baturen nan, ya gaya wa kansa, bai taɓa gwada ta ba ko sau ɗaya. Mutum ya fi tsoron tambayar da ya san amsarta.

Ya ciro waya. Ba Juma'a ba ce, don haka ta ɗauka a firgice.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau. Ke, ina cikin wani jirgi ne. Gadonsa shida."

"Kai, Baba, ya yi kyau," ta ce da Turanci. Yana jin hayaniyar filin ƙwallo a bayanta. Ya jira ta gane. Ba ta gane ba. "Sai ka turo mana hoto."

Ya damƙe sukudirebar. "Hafiza."

Shekararta talatin da huɗu ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba.

"In na saya, za ku zo?"

"Baba..." Ta koma Hausarta mai ɗingishi. "Gaskiya? Yara duk wikend suna da wasa. Babansu kuma ko wanka a ruwa bai iya ba, ba zai bari su kwana a tafki ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"To."

"Amma don mu za ka saya? Ban sani ba kana so mu zo. Kullum lafiya lau kake cewa."

"Lafiyar ce ai."

"Ni zan zo. Ni kaɗai, in zafi ya ragu. Sau ɗaya dai na yi alkawari. Amma ka faɗa mini rana, Baba. In ba ka faɗa ba, ba zan sani ba."

Ya ce zai faɗa. Ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallon dawakin. Sau ɗaya. Ya so ya ji haushi, bai sami wanda zai ɗora wa ba.

Ya sauko, ya ɗauke tsanin da kansa ya jingina a jikin ƙaramin jirgin. Ya ƙwanƙwasa shi daga baya har gaba, a hankali, bai tsallake ko tafin hannu ba. Ko'ina ya amsa. A ciki gado ɗaya ne sosai, sai wata kujera da mutum zai iya miƙewa a kai in bai cika tsawo ba. Hafiza tsawon uwarta ta ɗauko, ba doguwa ba ce.

"Wannan," ya ce.

"Ina mutanen naka masu yawa?" in ji Malachy.

"Ni ɗaya ne. Nuna mini igiyoyin."

Da la'asar ya isa McLeansville. Ya buɗe but, ya ɗauki rigunan tsira huɗu ya kai gareji, ya ɗora su a kan kanta kusa da kwalin fitilu. Biyu ya bari a mota. Sannan ya shiga gida, ya yi sallama kamar yadda ya saba duk da babu mai amsawa, ya ciro kalandar masallaci daga bango, ya zauna yana neman Asabar a watan Oktoba.