Waken Inna Ya Yi Farin Fure

Ranar da waken ya fara fure na san akwai magana. Furen fari ne fat. Shi kuwa waken fis ɗin Inna, koren waken nan da ake ɓare kwansonsa a ci ƙwayar, furensa shunayya ne, haka yake tun daga hannun kakarmu. Da Inna ta rasu muka raba irin ni da Yaya, kowa ta shuka a bayan gidanta. Bara ƙwari suka cinye nawa a cikin kwalba, shi ne na je wurin Yaya ta sam mini tafi ɗaya.

Na tsaya a kan kunyoyi ukun da na yi wata biyu ina ba ruwa, na kafa musu sanduna, na ɗaura zare, sai abubuwa suka riƙa faɗo mini a rai. Ranar da na je roƙon, Yaya cewa ta yi in dawo jibi. Me ya kawo jibi, alhali kwalbar irin tana kicin ɗinta? Kuma da ta miƙo mini, labarin ciwon gwiwarta ta yi ta ba ni, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Maigidana ya ce wataƙila ƙasa ce ta sauya masa launi.

"Ƙasa ba ta rini," na ce masa.

Na ɗauki ragowar ƙwayoyin na kai wa mai sayar da iri a kasuwa. Ya juya su a tafin hannu ya ce, "Ai irin nawa ne wannan, ga shi can a buhu." Na tambaye shi ko wata mai ɗan ɗingishi ta taɓa saya. Ya ce in dai masu ɗingishi ne, rabin masu zuwa wurinsa ke nan.

Daga nan gidan Yaya na wuce, ban ko kira ta ba. Ta shimfiɗa mini tabarma a falo, ita kuma ta ja kujera ta zauna daidai bakin ƙofar da ke fita bayan gida.

"Yaya, ya lambu?"

"Lafiya lau. Sha ruwa mana."

"Bari in leƙa in ga waken."

"Akwai taɓo, yanzu na yi ban-ruwa."

Na jira har ta shiga kicin duba tukunya, na cire takalmi na zagaya zuwa lambun. Na riga na shirya maganar da zan gaya mata, ta wadda ta riƙe gadon uwa ita kaɗai. Sai na tarar da kunyoyi huɗu, duk farin fure.

Ina juyowa na gan ta tsaye da ludayi a hannu.

"Shekara biyu ke nan," ta ce. "Rufin kicin ya yi yoyo, irin ya ruɓe ban sani ba. Ina ta jan ƙafa in zo in roƙe ki, sai ga ki kin zo roƙona. Kunya ce ta kai ni kasuwa."

Muka zauna a kan bulo. Can Yaya ta ce, "Kin tuna mai ɗinki, maƙwabciyar Inna? Inna har ta rasu tana zarginta da miƙo hannu ta katanga tana tsinkar mata wake."

"Ai ta sha rantsewa ba ita ba ce."

"To, yi addu'a ƙarya take."

Washegari muka je gidan mai ɗinkin da lemo a leda. Tsohuwar ta buɗe ƙofa rabi, ta dube mu, ta dubi ledar. Ta saman kafaɗarta na hango yaɗo ya hau waya, furanni shunayya sun rufe shi.

"Ni ban taɓa taɓa waken uwarku ba," ta ce, tun ba mu gama gaisuwa ba. "Tsuntsaye suka kawo."

"Allah ya yi wa tsuntsayen albarka, Baba," in ji Yaya.

Ta miƙo hannu ta karɓi lemon. Ta ce in waken ya bushe mu dawo, za ta ajiye mana.

A hanya Yaya ta tambaye ni ko na yarda da tsohuwar. Na ce tun yana ɗanye zan fara zuwa gaisuwa duk sati, ranar tsinka kuma da hannuna zan tsinka.