Adakar Yaya Ladidi a Ofishin Gara

Raina abin da na gaba suka bari laifi ne, kuma daren jiya an nuna mini hukuncinsa a mafarki.

Yayata Ladidi, Allah ya ji ƙanta, ta yi rubutu a jarida tun Turawa ba su tafi ba, ta kuma wallafa littattafai. Ni ban yi boko ba, amma na san adakar ƙarfen da ta bari cike take da rubutun hannunta. Jikanta Sagiru ya ce zai kwashe takardun ya ba mai tsire ya riƙa naɗe nama, shi kuma ya mai da ɗakinta shagon cajin waya. Da wannan takaicin na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Ruwa na tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya taka lemarsa yana tafiya. Sagiru na biye da ni ɗauke da adakar. Takardun duk sun ɓace, babu komai a cikinta, amma sai nishi yake.

Muka shiga ofishin adana takardu. Gara ce ke riƙe da shi, babbarsu na kan kujera da tabarau.

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji ta. "Mu nan ba ci muke ba, mayarwa muke."

Ta yi kaki, sai ga shafi ya fito fes da rubutun Yaya. Na yi kabbara! Sauran suka ɗauka, shafi na bin shafi: wasiƙunta, rahoton da ta yi har aka haƙa wa unguwarmu rijiya, hotonta gaban keken rubutu. Ina tsalle ina tarawa a babbar riga, kamar ba ni ne mai ciwon gwiwa ba.

"Saura littafin da ta rasu tana rubutawa," na ce.

"Wannan ba mu muka ci ba. Tambayi ɗan rakiyarka."

Sai ga mu gaban tukubar mai tsire. Ashe duk wanda ya ci naman da aka naɗe a takardun littafin, maganar Yaya ce ke fita daga bakinsa. Wani ɗan dako ya buɗe baki zai nemi ƙarin yaji, sai ya ce, "Ranar da aka buɗe makarantar mata, Inna ta ɓoye mini takalma." Muryarta sak! Na cire hula ina bin mutane, ina tare kalmomin kafin ruwa ya ɗauke su.

"Kaka, mu tafi mana, ai tsofaffin takardu ne," in ji Sagiru.

"Rufe mini baki, ja'iri! Ga babin ƙarshe can, tara hannunka!"

Hannunsa na kan waya. Wani ƙato ya yi gyatsa, babin ya fito, ya bi ruwa ya haye sama muna kallo.

Babbar gara ta iso bisa keke, ta dubi sama, ta dubi Sagiru.

"Mai naɗewa, naɗe shi ake yi," ta ce.

Mai tsire ya shimfiɗa takarda, 'yan gara suka shiga jido daga jikin yaron. Ga abin da ya rasa: hotunan wayarsa kaf, sunan kakarsa daga bakinsa, kamanninta daga idonsa, inuwarsa, sannan sunansa na yanka. Aka naɗe su, aka barbaɗa yaji, wani mai wucewa ya karɓa ya tafi.

"Kai wane ne?" in ji gara.

Ya buɗe baki, sai hayaƙin tsire.

Ƙiiii! Ƙarar ƙarfe a kan siminti ce ta tashe ni. Gari ya waye, ana jan adaka a tsakar gida, kuma daga jin nauyin ƙarar na san har yanzu cike take. Na lalubi sandata.

"Sagiru! Ajiye ta nan."