Wutar da Ba Ta Ɗaukar Walda

Mijina mai walda ne, amma shekara da shekaru a wani gari yake aiki, don a unguwarmu wutar gwamnati sai ta ga dama take leƙowa. Yakan zo gida kamar baƙo, kafin a gama yi masa sannu da zuwa ya koma. Yaranmu sun fi sanin muryarsa a waya.

Da 'yan unguwa suka haɗa kai aka shimfiɗa farantan sola a saman rumfunan kasuwa, aka gina ɗakin batura, aka ja waya gida-gida, shi ne ya fara tattarowa ya dawo. Ya gyara shagon ƙofar gida ya kafa injinsa, wutar kuwa ta ɗauka ko gezau. Ni da na tsani hayaniya, sai ga ni ina wanke-wanke ina jin ƙarar ƙarfe ta taga ina murmushi ni kaɗai. Abu ɗaya ya rage, hukumar kula da lantarki ta zo ta duba ta ba da lasisi.

Shugaban kwamitin wutar kawun mijina ne, duk unguwa Kawu ake ce masa. Ya tsufa yana wasan ɓuya da ma'aikatan wuta, kuma da wannan yake tinƙaho. Shi ya koya wa unguwar cewa da an ji masu duba wuta na tafe, a cire firiza, a tura dutsen guga ƙarƙashin gado, a bar ƙwai ɗaya yana ci, a marairaice fuska.

Ana gobe za su zo ya bi gida-gida.

"A kwashe komai. Ma'aikaci in ya ga kaya, haraji yake gani."

Na ce, "Kawu, ai wannan wutar tamu ce. Wa za mu ɓoye wa?"

Ko kallona bai yi ba. Ya juya ga mijina. "Kai, yaushe aka naɗa matarka shugabar kwamiti ban sani ba?"

Mijina ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke lanƙwasa rodi da hannu, amma bai taɓa iya ce wa babba a'a ba. Suka kinkimo injin suka shigo da shi ɗakina, aka lulluɓe shi da bargo, aka jera buhunan banza a shagon.

Da hantsi injiniyar hukumar ta iso. Mace ce marar yawan magana, da hular kwano da wata 'yar na'ura da take maƙala wa waya ta karanta. Ta zaga ɗakin batura, ta yaba aikin, sannan ta daɗe tana kallon na'urar.

"Baba, wannan ne duk abin da kuke ɗora wa wutar? Ba injin niƙa, ba walda, ba firiza? Ku kunna komai don Allah. Abin da na auna yau, shi za a ba ku izini a kai."

Ƙarara ta faɗa, kowa ya ji. Kawu ya ƙifta wa jama'a ido, wai ya gano tarko.

"Ranki ya daɗe, mu talakawa ne. Ƙwai da fanka, sai cajin waya."

A ƙofar gidanmu ta tsaya. Ta dubi simintin shagon da tartsatsi ya ciccinye, ta dubi tabon ƙuna a hannun mijina.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"A kwamiti yake taimaka mini," in ji Kawu.

Na fito bakin ƙofa na ce, "Injiniya..." Mijina ya waiwayo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shiga ciki." Matar ta ɗan jira ko wani zai ƙara magana. Babu wanda ya ƙara, ta naɗe wayarta ta shiga mota.

Lasisi ya fito, na hasken gidaje. Ma'aikata suka zo suka sa wa kowace mita iyaka, suka buga hatimi. Kawu ya sa takardar a gilashi ya rataye, yana karɓar barka. Mijina ya mayar da injinsa shago, ya kunna, mita ta yi ƙas ta ɗauke. Ya tayar, ta sake ɗaukewa. Bai fasa ba sai da na je na riƙe masa hannu.

Mu biyu muka je ofishin hukumar. Jami'in bai wulaƙanta mu ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan zaga.

"Ana iya sake dubawa," ya ce. "Amma in akwai injin ranar da aka auna, to bayanin ƙarya aka ba mu. Za a janye lasisin, a rufe wutar duk unguwar har a gama sabon bincike. Yaushe za a gama, ban sani ba. Sai kwamitinku ya nema da kansa."

Kwamiti ya zauna a ɗakin batura, fanka na kaɗa musu. Mai niƙa ta riga ta koma kan tsohon injinta na fetur, masu firiza sun gano ƙananan firiza suna tashi da wutar. Babu mai son komawa duhu, ban kuma ce su so ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda Kawu ya dafa kafaɗar mijina kamar shi aka yi wa laifi ya yafe.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Ba a kashe wa unguwa wuta saboda mutum ɗaya."

Mai kula da baturan ya gaya mini kafin azahar suke cika, sauran wutar a banza take tafiya. Tana nan a saman kanmu, ta ishi injin mijina har da na wani.

Mijina ya ɗaure injin a bayan a-kori-kura zai koma garin da ya baro, da safe, yara suna makaranta, don ya ce ba zai iya sallama da su ba. Ni aka bari da bayani.

Da la'asar Kawu ya yi sallama, ya zauna a kan bencin shagon, ya ɗaga kai yana ƙare wa rufin kallo.

"'Yata, tunda wurin nan ya zama fanko, ki faɗa masa in ya kira. Ina so in buɗe cajin waya. Shi lasisi ya yarda da shi."